Lawali Bai Rufe wa Gangara Ƙofa Ba

Ina tashar Cadawa da hantsi, ina ɗaure wa wani mahauci tunkiya a bayan moto, ƙanwata ta kira ni. Ba ta yi sallama ba. Ta ce, "Habu, bar abin da kake yi, Yaya Lawali ya cika." Na ce mata to. Na ƙarasa ɗaurin, na ja igiyar na ga ta kama, sannan na kwance ta na ce wa mahaucin ya nemi wani mai kabu-kabu. Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma, kowa da ranar da aka rubuta mashi.

Lawali ɗan Kawu Isuhu ne, wan mahaifiyata, don haka taubashina ne, kuma ya girme ni da shekara goma sha biyu. Ciwon hanta ya kwantar da shi 'yan makonni a asibiti a Maraɗi, can ya rasu. Ya bar matarshi Rakiya, da 'ya'ya mata uku, da mahaifiyarshi wadda idonta ya tafi. Na rubuta wannan domin waɗanda suka zo gaisuwa da waɗanda suka ƙi zuwa. Ni ban yi lakol ba, wato makarantar boko, allo na yi, boko a kan salula na tsince shi, wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri. Abin da nake so in gyara shi ne sunan mamaci. An binne shi da sunan mai cin amana, sunan kuwa ba nashi ba ne, kuma na san yadda aka yi ya same shi.

Ba zan ce Lawali mai taushin baki ne ba, don waɗanda suka san shi za su daina karantawa. Ya taɓa ce wa shugaban ƙungiyar manoma, a gaban mutane, jawabinshi ya fi rani tsawo. Ni kuwa bai taɓa kirana da sunana ba, sai "bawana". In muna cin tuwo sai ya kwashe naman gabana yana kallon idona. Ya taɓa gaya wa wata yarinya da nake nema wai har yanzu Inna ke shanya mani tabarma da safe. Ni ma ban bar shi ba. Na sa mashi kwaɗo a jakar kwamfutarshi, na zuba mashi barkono a shayi, kuma na iya muryarshi sarai, har da ɗan tarin nan da yake yi kafin ya fara magana. In na yi ta a tsakar gida, mahaifiyarshi takan amsa daga ɗaki, tana tsammanin shi ne. Haka muka tashi, kuma babu wanda ya taɓa kai ƙarar wani.

Amma mutumin nan mai kaifin harshe bai taɓa tsallake layi ba. Na gan shi a bakin famfo da jarka biyu na mahaifiyarshi, yana bayan 'yan mata ƙanana, ana ce mashi ya wuce gaba yana ƙi. Yakan ce, "Layi ba wulaƙanci ba ne. Shi ke sa na ƙarshe ya samu."

Ya yi shekaru a wani babban birni na bakin teku, yana aiki da wani kamfani. Aikinshi shi ne ya ga shafinsu na intanet bai faɗi ba ranar da mutane suka yi mashi yawa. Da idon mahaifiyarshi ya tafi sai ya tattaro ya dawo Cadawa. A nan ƙungiyar manoman da ta haɗa garuruwan Agye da Gazawa da Gidan Runji ta neme shi. Suna raba irin gero mai saurin nuna kafin damina, kuma a da sai mutum ya hau amalanke ya je buro, ofishin ƙungiyar, a rubuta sunanshi, a yi ta turereniya cikin rana, mai ƙarfi ya shiga, tsoho ya koma gida hannu wofi. Suka ce ya yi masu shafin da kowa zai rubuta sunanshi ta salula daga garinsu.

Ni nake kai shi ƙauyuka a kan moto, kuma a hanya yake yi mani bayani, ba don yana ganin zan gane ba, sai don ba ya iya yin shiru. Ya ce, "Bawana, buɗe kunne, ko Allah zai sa wani abu ya maƙale. Akwai injina a can nesa da muke haya. Na gaba su ne masu tarbar mutane. In jama'a ta yi yawa, da kansu suke kiran 'yan'uwansu su ƙaru, kamar a ƙaro tabarmi a gidan suna. Amma a bayansu rijiya ɗaya ce, nan sunaye suke, kuma guga arba'in gare ta. Duk wanda zai rubuta suna sai an ara mashi guga, ya gama ya mayar, na bayanshi ya ɗauka. Tabarma sai ka ƙara ɗari. Guga ba ya ƙaruwa don ka yi ihu." Na ce, "To in duk gugan suna hannu fa?" Ya ce, "Sai a jira. Wanda ya daɗe sai shafin ya ce mashi ya yi haƙuri ya dawo an jima. Kai ma ka gane, to lallai na iya koyarwa."

Da farko ya sa wata doka da ya zo da ita daga birni: salular da ta nemi shiga sau da yawa a jere, sai a toshe ta. Kwana biyu da gwaji, Ardo Bello ya zo daga rugarsu ta wajen Gidan Sori. Makiyaya ne amma suna ɗan noma. Ya tsaya a ƙofar buro da sandarshi, ya ce da Hausarshi ta Fulani, "Lawali, salula ɗaya gare mu, gida talatin. Yarona ya rubuta mutum biyar, abinka ya kore shi. Sauran ba mutane ba?" Lawali bai yi gardama ba. Ya bi ƙauyuka ya ga ko a cikin Hausawa, mai cajin salula ne ke rubuta wa rabin gari. Ya dawo ya cire dokar. Ya ce, "Can birni salula ɗaya mutum ɗaya ce. Nan salula ɗaya gari ce." A maimakonta ya raba kwanaki, kowane yanki da ranarshi, don kada a taru a kan rijiyar lokaci guda. Cadawa ta fara, don tana kusa da shi zai ga abin da ya lalace. Gidan Sori na biye, Gangara ce ta ƙarshe.

A kwanakin nan ƙungiya ta nemi samari masu moto da za su bi ƙauyuka suna rubuta wa tsofaffi. Na sa riga mai kyau na je buro. Dattawan kwamiti suna zaune. Lawali ya miƙo mani salula ya ce in rubuta sunana. Na rubuta, a hankali. Ya ce, "Ku dube shi. Sai ya fiddo harshe kafin ya rubuta Habu. In na ba wannan sunayen mutane, za a shuka a girbe bai kai rabi ba." Suka yi dariya, har da wani Alhaji da ban taɓa gani ba. Da a gida ne da na rama mu wuce. Amma a gaban baƙi ne, kuma gaskiya ya faɗa.

Ranar Cadawa ta zo ta wuce lafiya. Washegari kasuwar Gangara ke ci, na kai fasinja. Da na sauke shi sai na koma bayan tasha, ƙarƙashin wani itacen dogon yaro, na kunna salula na ɗauki saƙon murya. Na yi ɗan tarin nan, sannan na ce da muryar Lawali iri ya kusa ƙarewa, an soke zancen kwanaki, duk wanda bai shiga ba kafin la'asar ta yau ya rasa, kuma in shafin ya ce a jira kada a yarda, a yi ta dannawa har ya karɓa. Na tura wa 'yan kabu-kabu kamar ni ma turo mani aka yi. Abin da na hango shi ne mutum goma ko ashirin su kira shi su hana shi cin abincin rana.

Kafin azahar saƙon ya isa Gidan Runji. Na ga abin da idona a Gangara. Masu awo sun bar buhunansu, mata sun bar tallarsu, an taru a gefen kasuwa inda rezo, wato sabis ɗin salula, ya fi kamawa, kowa kai a sunkuye yana danna salula. Shafin yana cewa a yi haƙuri a dawo an jima, su kuma suna ƙara dannawa, don haka muryar ta ce masu. Kowace dannawa sabon mutum ce a wurin injin, kuma dokar da za ta tsayar da su Lawali ya cire ta saboda Ardo. Injinan gaba suka yi abin da ya koya masu, suka yi ta ƙaruwa, kowane sabo yana zuwa yana wawurar guga, har rijiyar ta shaƙe ba shiga ba fita. Wani sunan ya shiga rabi, wani ya shiga sau ashirin, wani an ce mashi an karɓa alhali ba a rubuta komai ba. Da la'asar Lawali ya kashe abin da hannunshi. Jerin sunaye ɗaya ne ya tsira lafiya, na Cadawa, garinshi.

Mako uku ya yi yana bin ƙauyuka da takarda da biro yana gyara sunaye. Ruwa bai jira shi ba, shekarar ya sauka da wuri. Ƙungiya ta raba wa waɗanda sunansu ya tabbata, Gangara kuwa iri ya isa gare su bayan sun riga sun shuka tsohon nasu. Damina ta ɗauke da wuri, geronsu bai cika ido ba. Na san gidajen da rumbunsu ya ƙare tun kafin zafi ya shigo.

Aka kira taro. Lawali ya miƙe ya ce muryar ba tashi ba ce. Malam Idi, wani dattijo daga Gangara, ya ce, "Sau uku kana zuwa garinmu kana yi mana jawabi. Mun san muryarka. Har tarinka yana ciki. Ka rubuta danginka, ka ruɗa mu, ka rufe ƙofa." Aka ce in ba shi ba ne to wane ne. Ya ce, "Ba ni da shaidar da zan kawo maku." Sannan ya ƙara abin da ya ƙarasa kashe shi a idonsu. Ya ce, "Ko ma wane ne, maƙaryaci dole ya zo, yau ko gobe. Laifina ne da na gina abin da ƙarya ɗaya za ta kayar." Mutane suka ji kalmar laifi, suka bar sauran.

Daga nan aka sa mashi suna Dawo-an-jima. Yara suna binshi da shi a hanya. Sai in faɗi wannan ma: ni na fara kiranshi haka, a tashar Cadawa, don a yi dariya kada a dubi wajena.

Wata safiya ya aika a kira ni. Na same shi a zaure. Ya ajiye salula tsakaninmu ya kunna saƙon, ya ƙare ya sake kunnawa. Ya ce, "Ka iya." Na fara dariya na ce, "Haba Yaya, wasa ne." Ya ce, "Na sani. Shekara nawa kana yi wa Innata wannan a tsakar gida, kana tsammani ban san kayana ba? Ba zan faɗa ba. In na faɗa samarin Gangara za su karya ka, Gwaggo kuma, mahaifiyarka, ba ta da wani namiji sai kai. Da bakinka za ka faɗa. Zan jira." Ya miƙe ya raka ni har ƙofa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Ka gai da gida, Malam Habu."

Tun daga ranar bai sake ce mani bawanshi ba. In na shiga gidansu sai ya tashi tsaye, ya sa a shimfiɗa mani tabarma mai kyau, ya tambaye ni gajiya da iyali kamar suruki. Bai sake sa hannu a kwanona ba. Na yi ta tsokanarshi ko zai zage ni, sai ya yi murmushi ya ce, "Allah ya shirya, Malam." Mahaifiyata ta tambaye ni, "Me ka yi wa yayanka yake girmama ka haka?" Na ce ban sani ba. Wanda bai da taubashi ba zai gane ba, amma da bulala ya sa mani da ta fi sauƙi. Kuma ya san haka. Damina biyu bai sassauta ba ko rana ɗaya.

A cikin wannan hali ya sake gina abin tun daga tushe. Ya yi mashi zaure: duk wanda ya zo sai a ba shi lamba a nuna mashi mutum nawa ke gabanshi, ko ya danna sau ɗari wurinshi ɗaya ne. Ya hana injinan gaba ɗaukar guga fiye da wanda ke akwai, komai yawansu. Salula ɗaya tana iya rubuta gari guda, amma ɗaya bayan ɗaya. Ya tara mutane ranar kasuwa ya ce su danna iya ƙarfinsu, don yakan ce, "Abin da ba ka gwada ranar kasuwa ba, ba ka gwada shi ba." Abin ya tsaya. Ana saura kwanaki a fara, mutanen Gangara suka ce ba za su rubuta suna a hannunshi ba. Kwamiti ya karɓe aikin ya ba wani saurayi daga birni. Shekarar babu wanda ya rasa, kuma har yau saurayin ake yaba wa. Lawali ya koma noman wake. Rakiya ta daina zuwa biki, don in ta shiga mata sai su yi shiru. Babbar 'yarsu ta dawo daga lakol tana kuka, an kira ta 'yar Dawo-an-jima. Duk ina gani. Kullum ina ce wa kaina bayan Sallah, bayan girbi, bari magana ta lafa.

Da ciwo ya kwantar da shi na je Maraɗi. Ya rame, idonshi ya yi rawaya. Na durƙusa kusa da gadon na ce, "Yaya, zan faɗa." Ya ce, "Yaushe?" Na ce, "In ka tashi." Ya dube ni, ya rufe ido ya ce, "Rakiya, a ba Malam Habu ruwa, ya sha hanya." Maganarshi ta ƙarshe da ni ke nan.

A maƙabarta, ana zuba ƙasa, na ji wani a bayana ya ce a hankali, "Yau dai babu dawowa an jima." Wani ya danne dariya. Ban waiga ba, don ba ni da bakin tsawata wa kowa.

Bayan sadakar uku na je wurin Rakiya. Tana cikin takaba, na zauna a bakin ƙofa labule tsakaninmu. Na ce, "Yaya Rakiya, akwai abin da zan gaya maki." Ta ce, "Na sani. Ina tsakar gida ranar da ya kunna maka." Na ce ta yafe mani. Ta ce, "Ni ba ni da gona a Gangara. Can za ka je."

Na je ranar kasuwa. Bayan sallar azahar na roƙi liman ya bar ni in yi magana. Na miƙe na faɗi duk abin da na rubuta a nan. Ba su yarda ba. Wani ya ce, "Ɗan'uwanka ne, kana so ka wanke shi don ya mutu." Malam Idi yana sahun gaba, ya juyo ya ce, "In kai ne, yi mu ji." Na yi tarin. Na faɗi saƙon tun daga farko har ƙarshe, da muryar mutumin da muka binne kwana shida da suka wuce. Wani ya rufe fuskarshi da hula. Samari suka taso daga baya, Malam Idi ya ɗaga hannu ya ce, "Kada wanda ya taɓa shi. Duka sauƙi zai yi mashi." Ya dube ni ya ce, "Shekara biyu muna zagin mutum a kan bakinka. Kai ka ɗauki naka, mu ma namu yana wuyanmu, kuma wanda za mu roƙa yana cikin ƙasa. Fita, yaro."

Washegari suka zo Cadawa gaisuwa, dattawa a mota, wasu a kan moto. Zauren Kawu ya cika har waje. Mahaifiyar Lawali ta ji hayaniya ta tambaya su wane ne. Aka ce mata mutanen Gangara ne suka zo yi mata ta'aziyya. Ta ce, "Yanzu?"

Don haka duk wanda wannan takarda ta isa gare shi, a Agye ko Gazawa ko Gidan Runji, ya sani: Lawali bai rubuta danginshi ya rufe wa kowa ƙofa ba. Ya buɗe ta ne don makiyayi mai salula ɗaya, ni na bi ta nan na shiga. Wanda ya kira shi da wancan suna ya daina, ya kuma hana 'ya'yanshi. Wanda yake da zagin da bai ƙare ba, ina tashar Cadawa kullum.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanka Lawali ɗan Isuhu. Ka gafarta mashi kaifin harshenshi, Ka sa haƙurin da ya yi a kan abin da bai aikata ba ya yi nauyi a mizaninshi. Ka yalwata mashi kabari, Ka sanyaya makwancinshi, Ka sada shi da rahamarKa. Ka ba mahaifiyarshi juriya a sauran kwanakinta. Ka tsaya wa Rakiya, Ka raya 'ya'yanshi uku cikin mutunci, a riƙa kiransu da sunan ubansu na gaskiya. Ka mayar wa mutanen Gangara abin da suka rasa a waccan daminar. Mu da muka rage kuma, Ka sa mu faɗi abin da ke bakinmu tun mai haƙƙi yana iya ji. Amin.